Sharhi: Ƙusa a Jikin Motar Maƙwabci

Assalamu alaikum masu sauraro, musamman 'yan'uwanmu mazauna Makka, Jidda da Madina.

Kwanakin baya a wani lungu na unguwar Shari Mansur da ke Makka, yaro ɗan shekara 14 ya yi faɗa da ɗan maƙwabcinsu. Da dare ya yi, sai ya samo ƙusa ya ja layi a jikin motar uban yaron tun daga ƙofar gaba har fitilar baya, ya ɓalle madubi ɗaya. Da safe mai motar ya yi sallama cikin mutunci. Uwar ta leƙo ta ce, "Alhaji, wallahi ɗana ko ƙofa bai leƙa ba jiya." Ashe kyamarar shagon bakin layi ta ɗauke shi, har da rigar da ke shanye a igiyar gidansu. Abin da kuɗin fenti da ban haƙuri za su kashe, rantsuwar nan ce ta kai shi gaban askarawa.

A gida mun saba cewa ai ƙuruciya ce. Dokar ƙasar nan ba haka take kallonsa ba. Ɓarna da gangan tana ɗauke da haƙƙi biyu: na mai kaya, wanda sai an biya shi ko ya yafe, da na hukuma, wanda alƙali ke yanke horonsa gwargwadon yadda ya ga laifin. Idan asarar ta haura riyal 20,000, ta shiga sahun manyan laifuffukan da ake tsare mutum a kansu, sai fa in an biya kuɗin ko mai haƙƙi ya janye. Duk wanda ya taɓa kai sabuwar mota gareji a Jidda ya san kuɗin nan ba su da wuyar cika.

Kayan gwamnati kuwa sun fi zafi. Dokar kare kayan amfanin jama'a ta 1985 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tarar da za ta iya kai riyal 100,000, ko duka biyun, ga wanda ya lalata bututun ruwa ko wayar lantarki da gangan. Ko rubutu a bango ba da izini ba, dokar ɗa'a a bainar jama'a ta 2019 ta sa masa tara.

Abin da ke ci mini rai shi ne mu ne muka fi kowa asara a irin wannan. Ɗan ƙasa zai biya ya koma gidansa ya kwanta. Namu kuwa, da an kai shi ofis tambayar farko ita ce igama, wato takardar izinin zama. Gidaje nawa ne a unguwanninmu takardunsu ba su cika ba? Sai ka ga madubin mota ɗaya ya tono abin da iyali suka shekara talatin suna lallaɓawa.

Biyan abin da aka ɓata kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ranar da Nana A'isha ta fasa akushin abokiyar zamanta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hukuncin da ya yanke shi ne abinci a madadin abinci, akushi a madadin akushi.

Iyaye, idan ɗanku ya yi ɓarna, kada rana ta faɗi ba ku je ba. Ku ɗauki dattijo ɗaya ko limamin masallacin layinku, ku tafi da yaron, ya buɗe baki da kansa ya ce shi ya yi. A tambayi mai gyara nawa ne, a biya, ko a roƙi a riƙa biya kaɗan-kaɗan. In magana ta riga ta je hukuma, a nemi mai haƙƙi ya rubuta takardar yafewa, domin ta baki ba ta shiga fayil. Ma'aikatar Shari'a ma tana da dandalin sulhu a intanet mai suna Taradhi, kuma yarjejeniyar da aka ƙulla a can takarda ce da kotu ke zartarwa.

Sai mun haɗu a sharhi na gaba. A huta lafiya.