Yini Ɗaya a San Francisco: Lacca a Kan Fim ɗin Farko na Barry Jenkins

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune nan gaba, ina neman izininku. Ɗalibai da sauran 'yan'uwa, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana a kan finafinan soyayya na baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda ake yi ba a ƙarƙashin manyan kamfanonin Hollywood ba. Fagen yana da faɗi, ni kuwa fim ɗaya zan riƙe, don kada mu yi ta shawagi har a kira magariba ba mu sauka ko'ina ba.

Amma bari mu ɗan taɓo asali. Tun zamanin Oscar Micheaux, wanda ya fara fim wajen 1919 kuma ya yi sama da 40, baƙar fatar Amurka ya gane cewa in yana son ganin kansa a majigi a matsayin mutum mai so da kishi da kunya, to sai ya ɗauki kyamara da hannunsa. A 1986 Spike Lee ya yi She's Gotta Have It a Brooklyn, cikin kwana 12, da dala 175,000, fim ɗin ya dawo da sama da dala miliyan 7. A 1997 aka yi Love Jones a Chicago. Waɗannan na ambace su ne kawai mu wuce.

Wanda ya kawo ni shi ne Medicine for Melancholy, na 2008, wato maganin ƙuncin zuciya. Barry Jenkins ne ya rubuta ya kuma ba da umarni. Da yawanku kun san shi da Moonlight, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau a 2017. To shekara 8 kafin fitowar Moonlight, wannan bawan Allah ɗan Miami ba shi da suna, ba shi da kamfani. Shi da abokin karatunsa James Laxton, mai ɗaukar hoto, suka yi fim ɗin cikin kwana 15, da kuɗin da bai kai dala 20,000 ba. A Hollywood wannan kuɗin ko abincin ma'aikata ba zai saya ba.

Labarin gajere ne ƙwarai. Saurayi mai suna Micah da budurwa mai suna Jo sun farka da safe a gidan wani, bayan shagalin dare da aka sha aka bugu, ko sunan juna ba su sani ba. Na ga wasu sun sunkuyar da kai. E, ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ba wa'azi na zo yi ba. Rayuwar wasu mutane muke leƙawa. Ita Jo so take a manta da abin, har sunan ƙarya ta ba shi. Sai ta mance jakar kuɗinta a tasi, shi kuma ya bi sawu ya kai mata har gida. A nan ya gane tana zaune ne a gidan saurayinta, wanda Bature ne mai harkar zane-zane, ya yi tafiya Landan. Daga nan suka hau kekuna suka yini suna zaga gari. Shi ke nan fim ɗin.

To me ya sa zan ɓata muku yamma a kan wannan?

Saboda garin. A 1970 baƙaƙen fata sun kai kusan kashi 13 cikin 100 na mutanen San Francisco. Lokacin da aka yi fim ɗin sun koma wajen kashi 7, kuma Micah da bakinsa yake ta nanata wannan adadi kamar mai lazimi. Akwai unguwa ana ce mata Fillmore, wadda saboda kiɗan jazz da yawan baƙaƙe ake mata laƙabi da Harlem ta Yamma, ana kwatanta ta da shahararriyar unguwar baƙaƙen fata ta New York. Daga shekarun 1950 zuwa 1970 hukuma ta rushe ta da sunan gyaran birni, aka watsa dubban iyalai. Waɗanda suka tsira daga katafila, kuɗin haya ya kore su daga baya. Akwai wani wuri a fim ɗin da su biyun suke wucewa ta ƙofar wani ɗaki inda masu fafutikar haƙƙin 'yan haya ke taro, sai kyamara ta bar masoyan a waje ta shiga ta zauna tana sauraron taron. Wasu masu sharhi sun ce wannan ya katse labari. Ni ban yarda ba. Kuɗin hayan nan yana tsaye tsakanin su biyun tun safe.

Ga inda abin yake da daɗi. Micah in ka tambaye shi wane ne shi, zai ce maka baƙar fata, kafin ma ya ce namiji. Komai da wannan ma'auni yake auna shi. Jo kuwa ta gaji da a taƙaita ta da kalma ɗaya. Sukan yi musu a kan watan tarihin baƙaƙen fata: shi yana ganin an ba su Fabrairu ne don shi ne wata mafi gajarta, ita kuma ta gyara masa. Kuma ita ce da gaskiya. Masanin tarihi Carter G. Woodson ne ya fara abin a 1926 a matsayin mako guda, ya zaɓi Fabrairu saboda a cikinsa aka haifi Abraham Lincoln, shugaban Amurka da ya shelanta 'yanta bayi, kuma a cikinsa ake bikin haihuwar Frederick Douglass, baƙar fatar da ya yi fice wajen yaƙi da bauta. Ku lura, mai yawan kirarin baƙar fata shi ne bai san tarihin ba. Amma da ya ja ta zuwa gidan tarihin 'yan asalin Afirka da ke warwatse a duniya, wanda ke tsakiyar birnin, ita ce ta yi tsit. Jenkins bai bar ɗayansu ya ci musun ba.

Har launin hoton an tsotse shi, ya koma kamar baƙi da fari, sai ɗan burbushi. In ka sa ido za ka ga yana ɗan dawowa a lokutan da suka manta da maganar launin fata da ta haya, suna dariya kawai.

Wani ɗalibi ya taɓa tambaya ta, Malam, me ya sa ba su yi aure ba? Na fahimce shi. Mu da muka tashi da finafinan Kano mun saba soyayya ta nufi ɗaurin aure, ko iyaye su hana a sha kuka. Can ma babban kamfani da ya zuba miliyoyi zai so a ƙare da runguma, don mai kallo ya fita da murmushi. Wanda ya yi fim da ɗan abin da ya samu babu mai tsaya masa a kai. Kuma gajartar alaƙar ita ce ta buɗe bakinsu. Mutumin da ka san gobe ba za ka gan shi ba, kana iya faɗa masa abin da ka ɓoye wa na gida. Shi ya sa da dare, bayan sun fito daga gidan rawa, Micah ya fashe, ya zarge ta da zaɓen Bature, ita kuma ta nuna masa cewa bai san ta ba, launinta kawai ya gani ya ɗora mata buri.

Da gari ya waye yana barci, ta sauko ta hau kekenta ta tafi.

Na ga hannu biyu a baya. Hajiya, fara.