Kaktus Mai Zanko: Yadda Ake Renon Sa A Gida

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan tsiro da kuke gani a cikin tukunya, wanda samansa ya nannaɗe ya yi kama da ƙwaƙwalwa, kaktus ne, wato irin tsiron nan mai ƙaya na busassun wurare, wanda masana tsirrai ke kira Mammillaria elongata, kuma asalinsa daga tsakiyar ƙasar Meziko ne. A yadda aka saba ganinsa, yakan fito ne siri-siri kamar 'yan yatsu a tsaye, amma wannan ya yi abin da za mu kira zanko, wato ya baje ya yi faɗi kamar zankon zakara.

Abin da ke faruwa shi ne, kowane reshe yana da wani ɗan ƙaramin ɗigo a ƙololuwarsa inda sabon tsiro ke fitowa. Idan wannan ɗigo ya miƙe ya zama layi, sai reshen ya daina tafiya sama, ya riƙa faɗaɗa gefe da gefe, har ya rasa wurin zuwa ya fara lanƙwasa kansa. Wani lokaci sauyin halitta ne ke kawo haka, wani lokaci kuma rauni ne ko ƙwayar cuta. A hamadar Sonora da ke jihar Arizona a Amurka akan ga irin wannan zanko jefi-jefi a kan manyan kaktus da ake kira saguwaro, har mutane kan yi tattaki domin su gan su.

Kafin ka biya kuɗi wajen mai sayar da furanni, ka tabbatar da abin da kake saye. Da yawa daga cikin abin da ake sayarwa da sunan kaktus mai zanko, Euphorbia lactea ce, wadda asalinta daga nahiyar Asiya ne, kuma danginta ɗaya da tinya da ƙerana da aguwa da muka sani a ƙasar Hausa. Alamarta ita ce farin ruwa kamar madara da ke fita idan an yanke ta, kuma duk wanda ya san tinya ya san cewa wannan ruwa ba ya shiri da ido ko fata. Yawanci 'yar aure ce, an ɗora zankon a kan wani kara daban, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro.

Yanzu ku matso ku dubi waɗannan lungunan da ke tsakanin ninkin. Su ne kyan tsiron, kuma daga cikinsu ne kusan duk matsalarsa take farawa, domin ruwan da ya kwanta a ciki ba ya saurin bushewa, ruɓa kuwa idan ta fara daga nan sai ta ci nisa kafin a lura. Saboda haka ba a zuba masa ruwa daga sama. A zuba a gefen tukunya, a kan ƙasa, har sai ya fito ta ramin ƙasan tukunyar, sannan a bar shi. Kafin a sake ba shi, a soka tsinke har ƙasa, idan ya fito da danshi a ƙara jira. A ganina, yawan kulawa ya fi kashe irin wannan tsiro fiye da mantuwa.

Tukunyar yumɓu mai rami ta fi ta roba, saboda tana barin danshi ya fita. Ƙasar kuma a haɗa ta da yashi mai kaushi da ƙananan tsakuwa, aƙalla rabi da rabi, a guji laka da taki mai yawa.

Yana son haske sosai, amma hantsi ya fi masa, domin zafin rana na bazara a watan Afrilu zai iya ƙona fatarsa ya bar tabon da ba ya gogewa. Da damina ta kankama, a mayar da shi ƙarƙashin rumfa ko baranda inda iska ke ratsawa. Lokacin hunturu kuma, ƙurar da ta taru a lungunan a share ta da buroshi mai laushi, kada a wanke. A yayin sharar ne za a iya ganin wasu fararen ƙwari masu kama da ɓurɓushin auduga da ke ɓuya suna tsotse ruwansa. A jiƙa auduga da sifirit a ɗan dangwala musu.

Wata rana za ka ga reshe guda ya fito miƙaƙƙe, irin na asali. Irin wannan reshe ya fi zankon saurin girma, kuma idan aka bar shi zai janye ƙarfin tsiron, don haka a yanke shi da wuƙa mai tsabta tun yana ƙarami. Idan kuma kana son ka samu na biyu, kada ka dogara da iri, domin ba lallai ba ne ya fito da zanko. Ka yanki wani ɓangare na zankon kansa, ka ajiye shi a inuwa mako ɗaya zuwa biyu har bakin yankan ya bushe, sannan ka ɗora shi a kan busasshiyar ƙasa, kada ka ba shi ruwa sai bayan wasu kwanaki.