Auna Girman Zuciyar Dokin Sukuwa da Na'urar Sikanin

Laccar da wani likitan dabbobi ya gabatar wa masu dawaki da ɗalibai a Katsina, kamar yadda aka rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu dawaki, malamai da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Idan Bakatsine ya ce doki yana da zuciya, nufinsa dokin ba ya yarda wani ya wuce shi a fage. Zuciyar da zan yi magana a kanta yau kuwa ita ce tsokar nan da ke cikin ƙirji, wadda ake iya aunawa da santimita. A garin da Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan folo, Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna da shi har ƙasashen waje, ba sai na ɓata lokaci wajen bayyana darajar doki ba.

Zuciyar dokin tseren Ingila, wanda ake kira Thoroughbred, takan kai nauyin kilo 4 ko fiye da haka kaɗan, wato kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin jikinsa. Yana tsaye a turke takan buga sau 28 zuwa 44 a minti, amma da zarar an sake masa linzami sai bugun ya haura 220, saifa kuma ta matse ta zubo jajayen ƙwayoyin jinin da ta tara, har jinin da zuciyar ke turawa ya kusa lita 300 a minti guda. Wannan ne ya sa masu dawaki suka daɗe suna kwaɗayin babbar zuciya. Phar Lap, dokin Ostireliya da ya mutu a 1932, an auna tasa ta haura kilo 6, kuma tana ajiye a gidan tarihi na Kanbera. Secretariat na Amurka, da ya mutu a 1989, an ƙiyasta tasa da kusan kilo 10, sai dai ku lura, ƙiyasi ne na ido, ba a ɗora ta a kan sikeli ba. Matsalar duk waɗannan ita ce sai bayan doki ya mutu ake sanin abin da ke ƙirjinsa, alhali mai saye yana son sani tun kafin ya biya kuɗi.

Na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita a asibiti, ita ta warware wannan. Tana aika sauti mai kaifin da kunne ba ya ji, sautin ya bugi tsoka ya dawo, ita kuma ta mayar da shi hoto. Masu bincike Edler da Hertz suka fara duba zuciyar mutum da ita a Suwidin a 1953, sannan a 1977 Pipers da Hamlin suka wallafa aikinsu a kan doki a Amurka.

Bari in kwatanta muku yadda aikin yake a barga. Ana tsayawa a gefen dama na dokin, ɗan barga ya jawo ƙafar gaba ta dama ta matsa gaba kaɗan, domin tagar da muke leƙawa ƙarama ce, tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar, daidai bayan hammata. Idan ka hau sama kaɗan huhu zai tare ka, domin sautin ba ya ratsa iska, ba ya kuma ratsa ƙashi. A ƙa'ida ana aske gashin wurin, amma na taɓa zuwa duba wani akawal ana saura kwana uku hawan sallah, mai shi ya ce ko gashi ɗaya ba za a taɓa ba. Sai muka jiƙa wurin da sifirit, muka shafa man na'urar da yawa, wani yaro kuma ya riƙe mana bargo a kan allon na'urar saboda hasken rana. Hoton ya fito, ɗakunan zuciya huɗu suna buɗewa suna rufewa, Alhajin da ya shekara arba'in da dawaki ya tsaya yana kallo bai ce uffan ba.

Abin da muka fi aunawa shi ne ɗakin ƙasa na hagu, wanda ke tura jini zuwa jiki duka. A babban Thoroughbred lafiyayye, faɗin cikinsa idan ya cika da jini yakan kama santimita 11 zuwa 13, kaurin bangon da ya raba shi da na dama kusan santimita 3, kuma idan ya matse, faɗin kan ragu da kashi 30 zuwa 45 cikin 100. Akan auna bugu uku zuwa biyar a ɗauki matsakaici, kuma dole dokin ya kasance a natse. Allurar kwantar da doki tana sauya lissafin, ƙishirwa ma haka, domin dokin da ya wuni bai sha ruwa ba a watan Afrilu zuciyarsa za ta fito ƙarama fiye da yadda take.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Waɗannan alƙaluma an samo su ne daga dawaki masu nauyin kusan kilo 500, alhali ɗan Azbin da yawancin dawakinmu na gida ba su kai kilo 400 ba. Wanda ya ɗauki ma'aunin Ingila ya ɗora wa dokin Daura, zai ce zuciyarsa ta yi ƙanƙanta, alhali daidai take da jikinsa. Mafi muni kuma shi ne akasin haka, wato ƙaramin doki ya nuna santimita 13, a yi ta murna an samu zakara, alhali kumburi ne na ciwo, wani marufin zuciya mai hana jini komawa ne ke yoyo, jini na komawa baya yana buɗa ɗakin. A nawa ganin, aikin da ya fi kamata ɗalibanmu su sa gaba shi ne su auna lafiyayyun dawakinmu masu yawa, su rubuta jinsi da shekaru da nauyi da irin horon kowanne, har mu samu ma'aunin kanmu.

Horo ma yana da nasa tasiri. Lesley Young, wadda ta yi bincike a Newmarket ta Ingila, ta nuna cewa zuciyar dawaki 'yan shekara biyu tana ƙara girma bayan 'yan watanni na horo, kuma dangantakar girman zuciya da cin tsere ta fi bayyana a dawakin dogon zango masu tsallake shinge, ta yi rauni a gajeren tsere.

Wani dattijo ya tambaya ko za a iya zaɓar masa dokin da zai ci sukuwa da wannan na'ura. Likitan ya amsa:

Ranka ya daɗe, na'urar za ta gaya maka ko zuciyar lafiyayya ce, ko marufanta suna rufewa sosai, ko girmanta ya dace da jikin dokin. Ba za ta gaya maka lafiyar ƙafafunsa da maƙogwaronsa ba, balle gwanintar mahayinsa. Idan za ka kawo shi, a bar shi ya huta daga kilisa a ranar, a ba shi ruwa ya ƙoshi, sannan a zo da ɗan bargar da ya saba da shi domin ya riƙe masa ƙafa.