Daren Baku da Dala Biliyan 300: Wa Zai Biya Kuɗin Sauyin Yanayi?

Abin ya faru ne a birnin Baku na ƙasar Azarbaijan, cikin tsakar daren Lahadi 24 ga Nuwamban 2024, lokacin da taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya karo na 29 ya riga ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana guda. Wakilai sun gaji, wasu sun miƙe a kan kujeru suna gyangyaɗi, wasu kuma sun riga sun kama hanyar filin jirgi saboda tikitinsu ba zai jira su ba. A wannan hali ne shugaban taron, Mukhtar Babayev, ya buga guduma ya ce an amince cewa ƙasashe masu arziki za su jagoranci samar da dala biliyan 300 a kowace shekara, zuwa 2035, domin taimaka wa ƙasashe masu tasowa. Tafi bai gama lafawa ba wakiliyar Indiya, Chandni Raina, ta karɓi makirufo ta ce ƙasarta ba ta yarda ba, cewa kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma ba a ba ta damar magana ba kafin a buga guduma. Wakiliyar Najeriya, Nkiruka Maduekwe, ta bi bayanta ta kira adadin abin dariya.

Mai kallo zai iya tambaya, yaya za a yi wa mutum alkawarin dala biliyan 300 ya tashi yana faɗa? Amsar tana cikin tarihin da ya kawo su wannan zaure, kuma dole mu koma baya shekaru fiye da talatin.

A 1992 ƙasashen duniya suka hallara a Riyo da ke Brazil suka ƙulla yarjejeniyar farko a kan sauyin yanayi. Tun a lokacin an san tushen matsalar: ƙona kwal da fetur da gas yana tara iskar kabon a sararin sama, ita kuma tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. An kuma san cewa ba kowa ne ya tara ta daidai da kowa ba. Ingila da Amurka da Jamus sun gina masana'antunsu a kan kwal tun ƙarni na 19, alhali nahiyar Afirka baki ɗaya, da mutanenta fiye da biliyan ɗaya, ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da duniya ke fitarwa. Saboda haka yarjejeniyar Riyo ta kafa wata ƙa'ida da har yau ake ja-in-ja a kanta, wato nauyin na kowa ne amma ba daidai yake ba, kuma ta lissafa ƙasashe fiye da ashirin da wajibi ne su fitar da kuɗi, cikinsu har da Amurka da Japan da Kanada da Ostireliya da ƙasashen Yammacin Turai. Babu China a jerin, babu Saudiyya, babu Katar, babu Koriya ta Kudu, domin a 1992 ana lissafa su cikin masu tasowa. Ku riƙe wannan jeri a ranku, za mu sake cin karo da shi.

Akwai wani abu game da tsarin tarukan da ba a cika faɗa ba, alhali shi ne ke bayyana dalilin da ya sa matsayar da ake fitowa da ita take zama salam-salam. Tun taro na farko a Balin a 1995 ƙasashe suka kasa daidaitawa a kan ƙa'idar jefa ƙuri'a, don haka har yanzu babu ƙuri'a, sai dai amincewar kowa. Ƙasashe kusan ɗari biyu, daga Tubalu mai mutane kimanin dubu goma sha ɗaya zuwa China, dole su haɗu a kan kowace jimla. Wanda ya fi kowa taurin kai shi ke ja wa sauran linzami. A Gilasgo a 2021, ana dab da rufe taro, Indiya da goyon bayan China ta sa aka sauya kalma ɗaya a kan kwal, daga dainawa zuwa ragewa, har shugaban taron Alok Sharma ya nemi afuwar wakilai muryarsa na rawa.

Batun kuɗi ya sami adadi ne a Kofanhegan a 2009. Taron ya watse baram-baram, amma ƙasashe masu arziki sun bar alkawari guda a kan tebur: dala biliyan 100 a kowace shekara zuwa 2020. Shekarar 2020 ta zo ta wuce ba a cika ba. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD, wadda akasarin mambobinta su ne masu bayarwar, ta ce sai a 2022 aka ƙetare adadin, da dala biliyan 115.9. A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba abin da ke cikin buhun, domin ba girman buhu ne nauyinsa ba.

Fiye da kashi biyu cikin uku na kuɗin gwamnatoci da aka lissafa a wannan shekara rance ne. Ma'ana, idan aka ba wata ƙasa bashin dala miliyan 50 ta gina madatsar da za ta kare gari daga ambaliya, ana rubuta dala miliyan 50 a littafin mai bayarwa a matsayin kuɗin sauyin yanayi, ita kuwa ƙasar za ta biya uwar kuɗin da ruwansa. Ku kwatanta da maƙwabcin da wutar sharar da ya kunna ta cinye maka rumbu, sannan ya zo jaje da tayin ba ka bashin hatsi zuwa kaka. Ƙungiyar agaji ta Oxfam ta daɗe tana cewa idan aka cire abin da za a mayar, ainihin tallafin bai wuce kusan sulusin adadin da ake shelantawa ba. Ban da haka, har yau ba a yi ittifaƙi a kan ma'anar kuɗin sauyin yanayi ba, kowace ƙasa ita ke auna wa kanta da mudunta. Wani bincike da kamfanin dillancin labarai na Reuters ya wallafa a 2023 ya gano cewa cikin abubuwan da aka lissafa har da shagunan cakulan da Italiya ta tallafa wa a Asiya, da faɗaɗa wani otal a Haiti da kuɗin Amurka, da tashar wutar lantarki mai ƙona kwal da Japan ta ba da rancen ginawa a Bangaladash.

Ko inda kuɗin ke tafiya ma akwai magana. Mafi yawansa yana zuwa ayyukan rage hayaƙi, irin su gonakin sola da injinan iska, saboda waɗannan suna kawo riba kuma masu zuba jari suna son su. Abin da ƙasa irin Nijar ko Chadi ko Malawi ta fi buƙata kuwa shi ne abin da zai sa jama'a su jure yanayin da ya riga ya sauya: irin shuka mai saurin nuna, magudanan ruwa, rijiyoyi, na'urorin gargaɗin ambaliya. Babu ɗan kasuwar da zai ci riba daga yashe kwata a unguwar talakawa. A 2022 abin da aka ware wa wannan ɓangare bai wuce dala biliyan 32.4 ba, alhali hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta buƙatar tsakanin dala biliyan 215 zuwa 387 a shekara.

Yarjejeniyar Paris ta 2015 ita ce ginshiƙin da ake tafiya a kai yanzu. A cikinta ƙasashe suka amince su riƙe ƙarin zafin duniya ƙasa sosai da digiri 2 a ma'aunin Salsiyas, su kuma yi ƙoƙarin tsayar da shi a digiri 1.5, adadin da ƙananan ƙasashen tsibirai suka yi tsayin daka a kansa saboda teku na cin ƙasarsu. Kowace ƙasa ita ke rubuta wa kanta alkawarin yadda za ta rage hayaƙi, ta sabunta shi duk shekara biyar, kuma babu tara ga wadda ta saɓa. Masana kimiyya na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce sai an rage hayaƙi da kashi 43 cikin ɗari zuwa 2030, idan aka kwatanta da 2019, kafin a tsira da digiri 1.5. Hayaƙin ƙaruwa ma ya yi, kuma 2024 ta zama shekara ta farko da zafin ya haura wannan iyaka. Lokacin da wa'adin miƙa sababbin alkawura ya cika a Fabrairun 2025, ƙasashen da suka miƙa ba su kai ashirin ba. China, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da hayaƙi a yau, ta sanar daga baya cewa za ta rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari zuwa 2035. Amurka kuwa ta fice daga yarjejeniyar a 2020, ta dawo a 2021, sannan Donald Trump ya sake sa hannu a kan ficewa a ranar da ya koma mulki a Janairun 2025.

Akwai kuma ɓarnar da babu shirin da zai hana ta, kuma a nan ne rigimar ta fi zafi. Tun 1991 ƙasar Banuwatu, mai tsibirai a tekun Pasifik, ta nemi a kafa asusun da zai biya ƙasashen da teku ya cinye wa ƙasa. Shekara talatin masu arziki suna toshe kunne, domin suna tsoron kalma ɗaya, diyya. Wanda ya biya diyya ya amsa laifi ke nan, kuma ƙofar kotu ta buɗe. Shi ya sa a Paris aka rubuta ƙarara cewa ambaton asara da ɓarna ba hujja ba ce ta ɗora alhaki ko neman diyya. Abin da ya karya wannan turjiya shi ne ambaliyar Pakistan ta 2022, wadda ta shafi mutum miliyan 33, ta kashe fiye da 1,700, ta yi ɓarnar kimanin dala biliyan 30. An yi dace a shekarar Pakistan ce ke shugabantar rukunin ƙasashe masu tasowa na G77, kuma a taron Sharm el-Sheikh na Masar rukunin ya ƙi rabuwa har sai da aka amince da kafa asusun. A daminar wannan shekara ce ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, don haka mutanen Haɗeja da Lokoja ba sa buƙatar a fassara musu ma'anar asara da ɓarna. A Dubai a 2023 aka ƙaddamar da asusun, aka yi alkawarin kimanin dala miliyan 700. Ku lura, miliyan ne, ba biliyan ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Jamus kowacce ta yi alkawarin miliyan 100, Amurka kuwa miliyan 17.5. Duk abin da aka tara bai kai kashi 3 cikin ɗari na ɓarnar Pakistan kaɗai ba.

Da wannan tarihi wakilai suka isa Baku. Ƙasashe masu tasowa sun nemi dala tiriliyan 1.3 a shekara, kuma suna son akasarinsa ya zama tallafi daga baitulmalin gwamnatoci. Masu arziki sun yi shiru a kan adadi har ranar ƙarshe, sannan suka taya biliyan 250. Aka ƙara zuwa 300, duk da haka wakilan tsibirai da na ƙasashe mafiya talauci suka fice daga ɗakin tattaunawa, sai da aka lallaso su. Turai ta dage cewa jerin 1992 ya tsufa, ba zai yiwu China da ƙasashen yankin Gulf masu arzikin mai su ci gaba da zama a layin masu karɓa ba, kuma gaskiya wannan hujja tana da ƙarfi, sai dai ba ta goge bashin da ke wuyan waɗanda suka fara ɓata sararin ba. A ƙarshe an bar wa China da ire-irenta su bayar bisa ganin dama. Tiriliyan 1.3 ɗin ya shiga takarda a matsayin kira ga kowa da kowa, gwamnatoci da bankuna da 'yan kasuwa, ba tare da an ɗora wa kowa ba. Su ma biliyan 300 ɗin an yarda a lissafa rance da jarin 'yan kasuwa a ciki, kuma kafin 2035 hauhawar farashi za ta zaftare wani kaso na darajarsu.

Najeriya tana tsaka mai wuya a wannan zaure, kuma bai kamata mu ɓoye ba. Tana cikin masu shan wahalar fari da ambaliya, kamar yadda Maiduguri ta gani a Satumban 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, amma kuma da fetur da gas take samun mafi yawan kuɗin ƙetare, kuma har yanzu ana ƙona gas a banza a yankin Neja Delta. A Gilasgo shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin ƙasar ba zai wuce abin da take iya shafewa ba, amma babban kaso na shirin ya rataya ne a kan samun kuɗi daga waje. Sannan wanda ke neman a biya shi haƙƙi dole ya nuna inda kuɗin da ya riga ya karɓa suka shiga, kuma wannan tambaya ce da 'yan ƙasa za su yi wa gwamnatocinsu ba tare da jiran wani Bature ba.

Ƙasashen tsibirai ba su tsaya jiran taro ba. Ƙarƙashin jagorancin Banuwatu sun kai batun gaban Kotun Duniya da ke Hague, kuma a ranar 23 ga Yulin 2025 kotun ta ba da fatawa cewa kare yanayi wajibi ne a dokar ƙasa da ƙasa, kuma ƙasar da ta saɓa za a iya neman ta gyara ɓarnar da ta jawo. Fatawar ba ta tilasta wa kowa biya, amma ta dawo da kalmar diyya da aka kora a Paris. A taron Belem na Brazil a Nuwamban 2025, wanda gwamnatin Amurka ba ta tura tawaga ba, an yi kira a ninka kuɗin jure wa sauyin yanayi sau uku zuwa 2035, amma an kasa sanya taswirar rabuwa da kwal da fetur a cikin matsayar ƙarshe. Taro na 31 na birnin Antaliya ne a Turkiyya, na 32 kuma a 2027 zai zo Adis Ababa, inda wakilan Afirka za su zauna a matsayin masu masauki.