Fim ɗin kaboyi a faifan 4K: me ya sa wani ya yi kyau, wani ya lalace?

A ce an jera muku hotuna biyu na sararin samaniya, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Fim ɗaya ne, fitowa ɗaya, amma a hagu sama ta yi fatsi-fatsi kamar an zuba mata ruwan ɗorawa, a dama kuwa shuɗiya ce tas a kan jajayen duwatsun Monument Valley da ke Amurka. Fim ɗin shi ne The Searchers na John Ford, na shekarar 1956. Na hagu faifan Blu-ray ne na 2006, na dama kuma gyaran da kamfanin Warner ya fitar a 2024 a faifan 4K, wato mai hoton da ya fi na Blu-ray fitowa dalla-dalla.

Matsalar daga negetif ta faro, wato ainihin zaren da ya gudana cikin kyamara. Zaren kala yana da shimfiɗar rini uku, kuma a zaren Eastmancolor na wancan zamani rawayar ce ke saurin koɗewa. Ita ce kuwa ke riƙe da bayanin shuɗi. In ta koɗe, sai inuwa ta koma shuɗi-shuɗi. Mai gyara ya ja kala don ya kashe wannan, sai fuska da ƙasa da sama duk su yi rawaya.

Mafitar ita ce kwafi uku na baƙi da fari da akan ajiye tun farko, kowanne ɗauke da kala guda: ja, kore, shuɗi. Sai a yi sikanin na shuɗin, wato a kwafe shi cikin kwamfuta, a cike gurbin abin da ya koɗe. Aiki ne mai cin rai, domin zare yana tsukewa da shekaru, kuma kowanne da irin tsukewarsa. In ba a daidaita su hoto bayan hoto ba, za ku ga jan layi ko kore a gefen hular jarumi.

Girman negetif ma yana da tasiri. An ɗauki The Searchers da tsarin VistaVision, inda zaren milimita 35 ke tafiya a kwance, kowane hoto ya ci hujin gefe 8 maimakon 4. Darakta Sergio Leone kuwa tsarin Techniscope ya yi amfani da shi a The Good, the Bad and the Ugly na 1966, huji 2 kacal. Da yake negetif ɗinsa ƙarami ne, dole hotonsa ya fi tsaki-tsaki, kuma wannan tsakin ba datti ba ne, da shi aka gina hoton. Abin takaici, wasu kan sa kwamfuta ta goge shi, sai fuskar mutum ta koma sumul kamar roba, gumi da gemun kwana uku su ɓace. Kaboyi ba ƙura ba gumi, me ya rage?

Kunne ma ya yi aikinsa. A tsawaitaccen bugun fim ɗin Leone na 2003 an sauya sauti zuwa 5.1, wato mai fitowa ta lasifiku shida, har da sabon ƙarar bindiga, abin da ya ɓata wa masoyansa rai sosai.

Don haka kafin ku biya kuɗi, ku juya bayan kwalin. Ku nemi inda aka rubuta cewa daga ainihin negetif aka yi sikanin, ku duba ko akwai sautin mono na asali, wato mai hanya ɗaya. In kun sa faifan, ku wuce kai tsaye zuwa fitowar dare. Da rana aka ɗauki yawancinsu, a wajen wanki ake duhunta su. In kun ga mahaya suna sanɗa "cikin dare" alhali gari fayau, mai gyaran bai duba tsohon kwafin silima ba.