Yadda Ake Karanta Tarihin Tsohuwar Fistol Daga Jikin Ƙarfenta

Masu kallo, assalamu alaikum. A garin Bauchi, inda iyalan tsofaffin sojoji suke da yawa, musamman a kewayen barikin Shadawanka, yakan faru a buɗe akwatin ƙarfe na marigayi domin rabon gado, a tarar da ƙaramar bindigar hannu, wato fistol, naɗe cikin tsumma mai mai. Tambayar farko da magada suke yi ita ce: wace iri ce wannan, kuma daga ina ta fito? Amsar tana rubuce a jikin ƙarfen, ga wanda ya iya karantawa.

Bindigar da za mu ɗauka a matsayin misali ita ce Browning Hi-Power. John Browning, mutumin Amurka, shi ya fara tsara ta, amma ya rasu a 1926 bai kammala ba, sai Dieudonné Saive na kamfanin FN da ke Herstal a Beljiyam ya ƙarasa aikin, aka fara ƙera ta a 1935. Tana ɗaukar harsashi 13 mai faɗin milimita 9, abin da ya kusan ninka na takwarorinta a wancan zamani. Duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya ne yake fita, sannan ƙarfin harbin ya tura murfin sama baya, ya tofar da kwanson, ya ɗora sabon harsashi da kansa.

Yanzu ku dubi gefen hagu na murfin da kyau. Idan ƙirar Beljiyam ce ta asali, za a ga sunan kamfanin da Faransanci tare da kalmar Herstal. A kan bututun kuwa akwai wani ɗan ƙaramin hatimi mai siffar ƙwai, da haruffan ELG a ciki da kambi a samansa, wanda yake shaida cewa an gwada ƙarfin bindigar a birnin Liyej na Beljiyam kafin a sayar da ita. Wadda aka ga tambarin gaggafa ɗan mitsitsi a jikinta, an ƙera ta ne bayan Jamus ta mamaye Beljiyam a 1940. Wadda kuma aka rubuta wa Inglis, a Toronto ta Kanada aka yi ta, tun daga 1944, wato dai a Yaƙin Duniya na Biyu ɓangarorin da suke kashe juna duk sun riƙe bindiga iri ɗaya. Daga baya Ajantina da Indiya sun ƙera tasu, kamfanin FEG na Hangari ma ya kwaikwaye ta, shi ya sa kamannin jiki kaɗai ba ya isa hujja.

Shekarunta kuma sassan jikinta ne suke tona su. Ɗan ƙugiyar da ke fizgo kwanso yana ɓoye ne a cikin murfi a tsofaffin ƙira, sai a 1962 aka dawo da shi waje, inda ido yake ganinsa a gefen dama. Gudumar baya kuma, wadda take bugawa harsashi ya tashi, mai zobe ta girmi mai tsini. Sanya makullin da ke hana bindiga tashi a ɓangarori biyu, domin bahago, ya zo ne da ƙirar shekarun 1980.

A ƙasashen da doka ta yarda mutum ya mallaki fistol, masu sha'awa sukan sauya mata mariƙin katako, su sa sabon saiti, ko su kankare tsatsa su sake rina ƙarfen. A ganina yawancin wannan gyara asara ce. Injin goge ƙarfe yana cinye waɗannan ƙananan hatimai da muka gama dubawa, kuma masu tara kayan tarihi sun fi daraja bindigar da launinta ya koɗe a hannun soja a kan wadda aka yi wa kwalliya jiya.

A Najeriya ma maganar ba ta kai can ba. Dokar makamai ta 1959 ta saka fistol cikin haramtattun bindigogi, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai yake da ikon ba da lasisinsu, saɓanin bindigar farauta ko ta toka da ake nema ta hannun 'yan sanda. Dokar ta kuma hana gyara ko haɗa bindiga a wajen wuraren da hukuma ta amince, don haka kai ta wurin maƙeri laifi ne na daban. Hukuncin riƙe ta ba bisa izini ba yana farawa ne daga ɗaurin shekara 10, kuma cewa gadon Baba ce ba ya zama kariya a gaban alƙali.

Saboda haka magadan da suka tsinci irinta su ɗauka cewa da harsashi a ciki, kada yatsa ya kusanci kunama, kada kuma a bar yara a ɗakin. Babban wa ko wakilin iyali ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, zai fi kyau tare da mai unguwa ko lauya, ya bar jami'ai su zo su ɗauka da kansu, sannan ya nemi takardar shaidar miƙawa wadda aka rubuta lambar bindigar a kanta.