Me Ya Sa Wasu Gwanayen Tseren Keke Suka Fi Wasu Faɗuwa?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Tambayar da kuka kawo ita ce, a manyan gasannin keke na Turai me ya sa wani kusan kowace shekara sai ya sha ƙasa, wani kuwa ya yi shekaru fatarsa lafiya lau? Jama'a za su ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma da sababinta take zuwa, kuma sababan nan za mu duba yau. Guda huɗu ne.

Na farko, yaushe mutum ya fara hawa. Ku ɗauki Primoz Roglic. Gwani ne, ya ci gasar Vuelta ta Sifaniya sau huɗu, ya ci Giro ta Italiya a 2023, amma raunin faɗuwa ya fitar da shi daga Tour de France a 2021 da 2022 da 2024. Wasan tsalle a kan ƙanƙara ya taso yana yi, sai da ya haura shekara ashirin ya koma keke. Remco Evenepoel ɗan ƙwallo ne har 2017, kuma a 2020 kwana ta ƙwace masa a wata gangara a gasar Lombardia, ya daki bangon gada ya wuntsila kwazazzabo, ƙashin ƙugu ya karye. Su Van der Poel da Pidcock kuwa cikin taɓo da yashi suka taso suna tsere. Su ma suna faɗuwa, amma in taya ta zame hannunsu ya riga kansu sanin abin yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, kuma a nan nake so ku buɗe kunne, shi ne inda kake a cikin ayari. Mutum kusan 180 a titi ɗaya, ana gudun kilomita 50 a awa, tsakanin tayarka da ta na gabanka bai fi taƙi ɗaya ba. Me ya kawo wannan matsi? Iska. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, don haka ba mai yarda ya bar tazara.

To ga inda matsalar take. Keke ba ya tsayuwa da kansa. Duk lokacin da ka karkata hagu, tayar gaba na ɗan juyawa hagu ta tare ka, ba ka ma sani ba. Yanzu a ce tayarka ta gaba ta shige gefen tayar bayan wani, shi kuma ya ɗan goce. Taya ta taɓa taya. Jikinka ya karkata wajensa, tayarka na neman juyawa can, tasa ta tare hanya. Shi ke nan, ka tafi. Shi na gaban ko a jikinsa, wataƙila bai ma ji ba. Na baya ne ke faɗuwa. Ku riƙe wannan, samari, na baya ne ke faɗuwa! Kai mai jar riga, na ga kana shafa gwiwa, da alama an riga an yi maka wannan karatun a hanyar Bukuru.

Akwai kuma wani abu da sabon mahayi ba ya lura da shi. A hawa, in na gabanka ya miƙe tsaye kan feda, kekensa yana ɗan dawowa baya. In kana manne da shi, ya same ka. Shi ya sa gogagge ba ya zura wa taya ido. Kafaɗun mutum uku ko huɗu da ke gaba yake kallo, kafin birki ya iso gare shi ya riga ya sassauta feda. Hannu a sake, gwiwar hannu a lanƙwashe, yadda in an goge ka kafaɗa ce za ta sha, ba kan keke ba.

Kowa ya san mutum ashirin na gaba sun fi zama lafiya. Amma ƙungiya sama da ashirin ce, kowacce da mutum takwas, kowane koci yana ihu ta rediyon kunne a matsa gaba kafin hanya ta tsuke. Ina za ta ɗauke su? Jagoran da ke da ƙungiya mai ƙarfi, abokansa ke kewaye shi su kai shi. Mai raunanniyar ƙungiya shi kaɗai yake kutsawa ta gefen kwalta, inda yashi da ramuka suke. Masu gudun ƙarshe, wato masu fizgar gudu dab da layi don su ci tsere, kuma aikinsu ne su cusa kai inda babu ƙofa. A 2020, a gasar ƙasar Foland, an matse Fabio Jakobsen ya shige shingen ƙarfe dab da layin ƙarshe, da kyar ya rayu, aka dakatar da Dylan Groenewegen, wanda ya matse shi, wata tara.

Lokaci na gudu. Na uku, gangara. Birki kafin kwana ake kama shi, ba a cikinta ba. Fedar waje a ƙasa, nauyi a kanta, ido a mafita. In ka kalli dutse, dutsen za ka je. A watan Afrilun 2024, wata kwanar hanya guda a yankin Basque na Sifaniya ta kwashe Vingegaard da Evenepoel da Roglic. A 2023 Gino Mäder ya rasu bayan ya faɗi a gangara a gasar Suwizalan. Masu sauka Hawan Kibo, da ku nake.

Na huɗu, gajiya. Mai yunwa birkinsa na makara, shi ya sa ƙwararru ke cin sukari da sitaci kamar giram 90 ko fiye a awa. Taya ma, yanzu mai faɗin milimita 28 ake sawa, iska 60 zuwa 70 a gejin famfo (psi), ba sama da 100 irin ta da ba, don ta fi kama kwalta. Sai sakaci na daƙiƙa ɗaya: a 2019 Chris Froome ya saki hannu zai fyace hanci, iska ta buga shi da bango, cinya ta karye.

Na'am, ƙanwata, ɗaga murya.

"Malam, wanda ya taɓa mummunar faɗuwa, ya fi saurin sake faɗuwa?"

Sau da yawa haka ne. Tsoro yana sandarar da hannu, ya sa mutum ya cafki birki ba gaira ba dalili, na bayansa ya hau shi. Kuma kada wanda kansa ya bugu ya koma hawa sai likita ya duba shi. Hular kwano da ta daki ƙasa a sauya ta ko ba a ga tsaga ba. Tun 2003, bayan rasuwar Andrei Kivilev, ɗan tseren da ya faɗi a gasa babu hula, aka wajabta wa ƙwararru sa ta. Maganin tsoron kuwa filin ciyawa ne. Ku je ku biyu, a hankali, gudun da bai fi sassarfa ba. Ku fara da jingina kafaɗa da kafaɗa kuna tafiya. In kun saba, na baya ya taɓa tayar na gaba da gangan: kada ya fizge kan keke, ya ɗan danna tayar tukuna har ya daidaita, ya daina feda, sannan ya janye. Minti goma sha biyar, sau biyu a mako, ku riƙa sauya wuri, kowa da hularsa.